Kunyar da Ta Hana Ni Buga Maka Ƙofa

Djougou, ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. An idar da sallar La'asar, an yi yayyafi ya ɗauke. Ina zaune a rumfar tsakar gida. Jakarka tana ɗakin Inna a ɗaure, kai kuma kana kasuwa wajen babanka. Saura kwana biyu ka tashi zuwa jami'a a Parakou.

Zuwa ga ɗana Sa'idu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiyar jiki da ta zuciya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Na rubuta sunanka a sama, na daɗe ina kallonsa. Shekararka ashirin da wata huɗu, kuma iyakar sanina ban taɓa furta shi da bakina ba. Na sha rubuta shi a takardun lakwal, wato makaranta, amma wannan ba kira ba ne. Idan zan yi maganarka sai in ce "yaron nan" ko "na wajen Inna". Kai ma Yaya kake ce mini kamar yadda ƙannen babanka suke faɗi, Inna kuwa, wadda ta haifi babanka, ita ka ɗauka uwa. Haka muka tarar ana yi a gidajenmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. Ana yaye ka aka miƙa ka ɗakin kakarka. Taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofarta da tawa, na ƙirga.

Ba labarin gida zan ba ka ba, kana cikinsa. Kurakuraina zan faɗa maka, domin ka taɓa yin ciwo a gaban idona ban yi abin da ya kamata ba, yanzu kuma za ka tafi inda idona ba ya kaiwa. Ina tsoron ciwon ya dawo ka ɓoye mini, tunda ni na koya maka ɓoyewar.

Ka san sati uku ke nan da na karɓi diplom ɗina na mataimakiyar ma'aikatan jinya, ina da shekara arba'in da ɗaya. Ni ba likita ba ce. Darasin lafiyar ƙwaƙwalwa da aka yi mana bai wuce 'yan kwanaki ba. Don haka abin da na sani zan ce na sani, abin da ban sani ba kuma zan faɗa maka ban sani ba.

Shekara biyu da suka wuce sakamakon bac, jarrabawar gama sakandare, ya fito babu sunanka. Satin farko duk mun ɗauka ɓacin rai ne irin na kowa. Daga nan ka daina zuwa ƙwallo. Ka daina zuwa rumfar goro. Ka koma ƙaramin ɗakin nan na kusa da zaure ka rufe ƙofa. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya wuce ni. Na ga ranar da wandonka ya fara zame maka. Na ga ranar da na daka sakwarar sabuwar doya, wadda ka fi so duk shekara, kwanon ya dawo yadda na zuba shi. Abin da na yi shi ne in kawo abinci in ajiye a bakin ƙofarka, in motsa murfin kwanon ya yi ƙara don ka ji, in juya. Sati goma sha ɗaya ina haka. Ban buga ƙofar ba ko sau ɗaya.

Inna ta gwada nata. Takan tsaya a bakin ɗakin ta ce, "Angona, yaji ka yi mini ne? To fito, na fasa neman wani mijin." A da kana dariya ka rama. A lokacin ba ka amsawa. Wata safiya ta same ni ina tankaɗe ta ce, "Rabi, ɗanki ba ya cin abinci."

Na ce, "Ɗanki dai, Inna."

Ta ce, "Yau ba wasa na zo yi ba."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da tankaɗe. A raina ina ganin na yi abin da mace mai tarbiyya take yi. Da Hadiza ce ko Ummi, ƙannenka, da tuni na shiga na zauna bakin katifa na tambaya. Kai kaɗai ne cikin 'ya'yana aka hana ni, kuma kai ne mai ciwon.

Ba na zagin al'adarmu. Kunya ta gyara abubuwa da yawa a gidan nan, kuma ita ta sa ka sami uwa irin Inna. Amma an yi ta ne don lokacin lafiya, ni kuwa na riƙe ta har cikin ciwo. Saboda haka idan ka ga wani ya rufe ƙofa a kansa kwana da kwanaki, abokin ɗakinka ne ko ɗan ajinku, ka buga. Kada ka tsaya tunanin ko huruminka ne. Idan ya buɗe ka shiga ka zauna, ko ba ka san abin da za ka ce ba. Idan bai buɗe ba ka dawo gobe.

Sau ɗaya muka yi kiciɓis a wancan lokacin, a wajen randa. Ban tabbata ba ko Laraba ce ko Alhamis. Ka ce, "Ina kwana, Yaya." Na ce, "Lafiya lau. An tashi lafiya?" Ka ce, "Lafiya lau." Da babanka ya dawo ya tambayi yaron nan, sai na ce masa, "Ya ce lafiya lau." Na san gaisuwa ce kawai. Mu mutanen da ko a gadon asibiti aka gaishe mu lafiya lau za mu ce. Amma na ɗauke ta na kai wa babanka kamar sakamakon awo, domin ita ce amsar da nake so.

Babanka ya ce, "To idan lafiya lau ne, lalaci ne. Faɗuwa jarrabawa a kansa aka fara?" Wannan mutum ne da ba ya yarda da huhun goro don ganyen waje yana kore. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya kwance, ya duba ciki ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da wanda ya fara taɓuwa, ya yayyafa ruwa, ya sake ɗaurewa. Haka kakanninsa suka yi tun suna tafiya da ƙafa. Amma daga ni har shi babu wanda ya kwance maganarka ya duba. Kada ka riƙe shi da wannan kalma. Ya yi nadamarta, ko da ba zai faɗa maka ba. Ni ce na ji ta, na san ba gaskiya ba ce, na bar ta ta wuce.

Gaisuwa ka ci gaba da yin ta, ladabi ce. Amma ka sami mutum ɗaya a Parakou, ko da ɗaya tak, wanda idan ya tambaye ka za ka ba shi amsa ta biyu. Kai ma idan ka tambayi wani ya ce lafiya lau alhali idonka yana gaya maka wani abu dabam, ka jira gaisuwar ta ƙare, sannan ka sake tambaya.

Kuskuren da ya fi nauyi a raina shi ne ƙaryar palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Maƙwabta suka fara tambaya, ina yaron nan, ba a ganinsa a masallaci. Na ce zazzaɓin palu ne ya kama shi, ya ƙi saki. An yi maka awo a dispanser, ƙaramin asibitinmu, ba a ga komai ba, takardar tana cikin akwatina har yau. Duk da haka sau biyu na sayo maganin palu na ajiye inda masu shigowa za su gani. Tsoro nake ji. A unguwarmu kalma ɗaya ce ake da ita ga duk wanda abu ya taɓa masa tunani, kuma idan ta manne wa gida ba ta fita. Na tuna ƙannenka mata da ranar da za a zo neman aurensu. Na tuna sunan gidan. Ban tuna cewa tagar ɗakinka tana kallon zaure ba, kana jin duk abin da nake faɗa wa mutane. Da bakina ban taɓa ce maka ciwonka abin kunya ne ba, amma ka ji uwarka tana ƙarya don ta rufe shi, kuma wannan ya isa.

Ciwon damuwa ciwo ne, yana da suna, yana da magani. Ba hauka ba ne, ba lalaci ba ne, ba raunin imani ba ne. Kuma ko wanda abin nasa ya kai ga abin da mutane suke kira hauka, mara lafiya ne, ɗan wani ne. Ba dole ba ne ka faɗa wa kowa abin da ya same ka, labarinka ne, kai kake da iko da shi. Amma kada ka ƙirƙiro masa wani suna don ka ji daɗin faɗa. Wanda ya ce palu ne, maganin palu za a ba shi.

A sati na goma sha ɗaya, da hantsi, Inna ta shigo madafa ba sallama. Ta ce, "Na shiga na zauna masa. Ya ce da ni, Inna, da ma in kwanta kada in tashi." Ta zauna a kan turmi. Ban taɓa ganin ta zauna a kan turmi ba, ita da take hana yara.

Ko a ranar ban zo wajenka ba. Na ɗauki mayafi na tafi gidan Malam Isiyaku, wanda ya koya maka karatu tun kana ƙarami. Na ce masa ina ganin sammu ne ko iska, a taimaka da rubutu. Ya saurare ni har na gama. Sai ya miƙa hannu bayan buzunsa ya ɗauko wani ƙaramin kwali.

Ya ce, "Malama Rabi, kin san wannan?"

Na ce, "Maganin hawan jini ne."

Ya ce, "Nawa ne. Kullum safe ina sha, in kora da rubutu. Ba su taɓa faɗa a cikina ba. Zan yi masa addu'a, zan ba ki rubutun. Amma yaron da ya faɗi wannan magana ku kai shi asibiti, kuma kada a bar shi shi kaɗai."

Na karɓi rubutun, na bar sauran maganar. Kwana tara na ƙara. Wani ɓangare na dalilin shi ne ban san inda ake zuwa ba, ban san wanda ake gani a kan irin wannan a garinmu ba, kuma ina kunyar tambaya. Inna ce ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakinka a kwanakin nan. Daga baya wani ma'aikacin jinya a dispanser ya zauna da kai kusan awa guda, ya rubuta takarda zuwa asibitin Parakou. Kawunka Bala ne ya zo ya tafi da kai. Ni ina bayan ƙyaure ina leƙe lokacin da kuka fita. Sauran ka fi ni sani: maganin, komawa wajen likita, watannin da ka yi kafin ka sake ɗaukar littafi, da bac ɗin da ka ci bana.

Har yau ina tuna kwana taran nan. Allah ne Ya tsare, ba dabarata ba. Don haka ka riƙe wannan fiye da komai a takardar nan. Idan rashin barci, ko rashin cin abinci, ko jin cewa babu abin da yake da daɗi ya kai maka sati biyu, ka je asibitin da aka duba ka. Idan kuwa tunanin mutuwa ne ya zo, babu maganar sati biyu. A ranar za ka faɗa wa wani, a ranar za ka je. Addu'a ka yi ta a hanya.

Bayan ka fara samun sauƙi ne na shiga makarantar koyon jinyar nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, kai ne dalili. A shekara ta biyu wata madam ta zo ta yi mana darasin lafiyar ƙwaƙwalwan. Ta jera alamomin ciwon a allo. Ina kwafa ina sa alama a gefe, bakwai daga ciki na gani da idona a tsakar gidan nan. Ta ce tambayar mutum ko yana tunanin mutuwa ba ta saka masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Na ɗaga hannu na ce, "Madam, idan uwar ba ta magana da ɗan fa?"

'Yan ajin duk sa'o'inka ne, Maman suke ce mini. Wata ta bayana ta yi dariya ta ce, "Maman, wace irin uwa ce ba ta magana da ɗanta?"

Na ce, "Akwai."

Madam ta dube ni ta ce, "To sai ta fara."

Ban fara ba. Wani kuskuren na faɗa, wanda na ɗauka gyara ne. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, na fara rubuta abin da ka ci, ƙarfe nawa ka fito, ƙarfe nawa ka shiga, ko ka yi dariya. Ina aika Hadiza ta duba mini kwanonka. Wata huɗu ina wannan. Ranar da ka gane, ka tsaya a ƙofar Inna ka ɗaga murya yadda zan ji, ka ce, "Inna, ki faɗa wa Yaya ni ba majinyacin istaj ɗinta ba ne da za ta koyi aiki a kaina." Inna ta ce, "Ga ta can, ba kurma ba ce." Na shige ɗaki. Gaskiyarka ne. Na koma ina gadinka maimakon in yi maka magana, domin gadi ba ya bukatar in haɗa ido da kai. Na yaga kayen a ranar.

Idan Allah Ya sa ka zama mai taimakon wani, kada ka zama ɗan sandansa. Ka tambaye shi, ka saurara, ka raka shi inda ake magani. Kada kuma ka ɗauki nauyin kai kaɗai. Kai ɗalibi ne, kuma kana da naka jikin da za ka kula da shi.

Matar Malam Isiyaku ta roƙe ni in riƙa yi wa mata magana a makarantar matan aure ranar Asabar. Na yi ta farko Asabar ɗin da ta wuce. Ban ambace ka ba, ba kuma zan ambace ka ba sai ka yarda. Na faɗi alamomin, na faɗi inda ake zuwa, na ce a daina cewa palu ne. Babu wadda ta yi tambaya. Na ɗauka na yi aikin banza. Ina sa takalmi a zaure sai wata mata da na sani shekara da shekaru ta riƙe mini gefen mayafi, ta ce a hankali, "'Yata ce. Tun bayan haihuwa." Jiya na raka su dispanser. Likitocin wannan ciwo ba su da yawa a wajenmu, kuma suna nesa. Abin da muke da shi a kusa shi ne iyaye, da kakanni, da malamai, da abokai. Idan waɗannan suka san abin da suke gani, rabin tafiyar ke nan. A jami'a za ka tarar da yara da yawa da suka bar gida karon farko, kowa yana cewa lafiya lau. Ka fi yawancinsu sanin yadda abin yake farawa.

Ga wasu ƙananan abubuwa. Ɗakin da aka kama maka a unguwar Titirou ku biyu ne da Yusha'u, ɗan maƙwabtanmu. Ban faɗa masa komai ba. Kawunka Bala yana unguwar Ladjifarani, nan cikin Parakou, ya ce duk Juma'a ka je ka ci abinci, ka je ko ba ka jin yunwa. Likitanka ne ya janye maka magani a hankali, don haka kada ka koma masa da kanka, kada kuma ka sayi komai a bakin hanya. Ƙwayoyin da ake ba ɗalibai wai don su daɗe suna karatu, ka nisance su. Ka yi barci. Ka fita ƙwallo. Idan ka faɗi wata jarrabawa, ka faɗi jarrabawa ne kawai, gidan nan yana nan.

Yanzu ga abin da ban sani ba.

Ban san abin da ya kawo ciwon ba. Bac ne ya buɗe masa ƙofa, amma ban sani ba ko ya daɗe a ciki kafin nan.

Ban sani ba ko zai dawo. Na tambayi madam, ta ce wasu yana dawo musu, wasu ba ya dawowa, babu mai iya faɗa tun yanzu.

Ban san abin da ka yi tunani ba duk lokacin da ka ji ƙarar murfin kwano sannan ka ji takuna yana nisa.

Ban sani ba ko ka yafe mini maganar palu.

Ban san tsawon kwanan Inna ba. Ta tsufa, kuma ita kaɗai ce ka taɓa faɗa wa gaskiya. Ban san wanda za ka faɗa wa ba ranar da babu ita.

Ban sani ba ko idan ranar ta zo za ka iya ɗaga waya ka kira ni, bayan shekara ashirin ina nuna maka ba a yi. Ba zan iya tilasta maka ba. Abin da zan iya shi ne in fara. Jiya na faɗa wa babanka ni zan raka ka tasha jibi. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Uwa ta raka ɗan fari? Mutane za su yi magana." Na ce na sani. Ban san abin da zan ce maka a can ba, ban ma sani ba ko bakina zai buɗe. Amma zan tsaya kusa da kai har motar ta tashi, kowa yana gani.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya. Ya tsare maka hankalinka da imaninka, Ya sa maka haske a karatu. Idan nauyi ya zo maka, Allah Ya ba ka bakin faɗa, Ya ba ni kunnen ji. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Rabi